Lucera: Ƙaramin garin Italiya da aka shafe sama da shekara 70 ana kiran sallah a cikinsa

Idan ka tsaya a dandalin Piazza Duomo da ke tsakiyar garin Lucera da yamma, abin da za ka gani bai wuce abin da ake gani a kowane ƙaramin gari na kudancin Italiya ba. Dattawa zaune a bakin shagon shayi, yara na guje-guje, ga katafariyar majami'a ta jan bulo tana kallon kowa.

Babu abin da zai sa ka yi zaton cewa a wannan wuri babban masallacin Juma'ar garin ya taɓa kasancewa, ko kuma cewa akwai lokacin da kusan duk mazauna garin Musulmi ne masu magana da Larabci, da alƙalinsu da kasuwarsu da maƙabartarsu.

Lucera tana yankin Puglia, a kudu maso gabashin Italiya, kimanin kilomita 20 daga birnin Foggia. Mutanenta ba su fi 30,000 da 'yan kai ba. Sunan ma bai da wahala ga Bahaushe: yadda ka karanta shi da Hausa, haka Italiyawa ke furta shi, domin harafin "c" ɗinsu a nan daidai yake da namu.

Masu zuwa yawon buɗe ido Italiya sun fi sanin Rum da Milan da Benis. Kaɗan ne ke ratsewa su zo nan, kuma wannan na daga cikin daɗin wurin. Ba layi, ba turereniya, ba mai bin ka da kayan tsaraba. Yini guda ya isa ka zaga garin da ƙafa, amma gara ka san labarin kafin ka taka, don yawancin abin da ya sa garin ya yi suna ba ya nan a tsaye yanzu.

Yadda Musulmi suka zo

Labarin ya faro ne daga tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliya. A shekarar 827 rundunar Musulmi ta taso daga ƙasar da yanzu ake kira Tunisiya ta sauka a garin Mazara. Jagoranta ba baƙo ba ne ga ɗaliban fiƙihun Malikiyya: Asad ibn al-Furat ne, alƙalin Ƙairawan, wanda ya yi karatu a wajen Imamu Malik a Madina, kuma littafinsa na Asadiyya ne ya zama tushen Mudawwana ta Sahnun. Ya rasu a 828 yana tsaka da yi wa birnin Sirakusa ƙawanya.

Musulmi sun mulki Sisili sama da shekara 200, kafin mayaƙan Norman su ƙwace tsibirin tsakanin 1061 da 1091. Sababbin sarakunan ba su kori Musulmi nan take ba. A fadar ɗaya daga cikinsu, Roger na Biyu, masanin taswira al-Idrisi ya kammala shahararren aikinsa a 1154. Sai dai a hankali zaman ya yi tsami. Aka riƙa ƙwace gonaki ana bai wa majami'u da baƙi daga arewa, Musulmin suka gudu kan duwatsun yammacin tsibirin suka yi tawaye.

Wanda ya murƙushe tawayen shi ne Sarki Frederick na Biyu. Ya kashe jagoransu Ibn Abbad a 1222, sannan daga wajajen 1224 ya fara kwashe su rukuni-rukuni yana tsallakar da su teku zuwa Lucera. Rukunin ƙarshe ya iso bayan tawayen 1246. Masana tarihi na ƙiyasta cewa Musulmin garin sun kai tsakanin 15,000 zuwa 20,000.

Ana yawan yabon Frederick a matsayin sarkin da ke ƙaunar Musulmi. Gaskiya ne yana jin Larabci, yana musayar wasiƙu da malaman Musulmi, kuma a 1229 ya karɓi birnin Ƙudus daga Sarkin Masar al-Kamil ta hanyar yarjejeniya ba tare da yaƙi ba. To amma a ganina bai kamata wannan ya sa a manta cewa mutanen Lucera ba da son ransu suka zo ba. Raba su aka yi da gidajensu da kaburburan iyayensu, aka ajiye su a inda ba su da kowa sai sarki, nesa da 'yan uwansu na Arewacin Afirka. Dabarar ke nan: wanda ba shi da majingina sai kai, ba zai juya maka baya ba.

Kuma dabarar ta yi aiki. An bar su su yi addininsu, su yi shari'a a tsakaninsu a gaban alƙalinsu. Su kuma suna noman alkama da sha'ir, suna kiwo, suna saƙa da ƙira, suna biyan wani haraji da takardun fada ke rubutawa "gisia". Kalmar jizya ce aka juya ta, sai dai a wannan karon Musulmi ne ke biya, Kirista na karɓa. Wasunsu na kula da damisoshi da raƙuman da sarki ke ajiyewa. Abin da suka fi suna a kai shi ne harbi da baka: maharban Lucera sun bi Frederick yaƙe-yaƙensa har arewacin Italiya. Barazanar da Fafaroma ke yi ta korar mutum daga coci ba ta tsorata su, shi ya sa sarkin da ke rigima da Fafaroma ya same su da amfani ƙwarai.

Akwai shaidar wani baƙo daga ƙasashen Musulmi. A 1261 Sarkin Masar Baibars ya aiko masanin tarihi Ibn Wasil, mutumin Hama ta Siriya, jakada wajen Manfred ɗan Frederick. Ibn Wasil ya rubuta cewa kusa da inda ya sauka akwai wani gari da mutanensa Musulmin Sisili ne, ana sallar Juma'a a cikinsa a fili. Maƙiyan Manfred kuwa laƙabin zolaya suka sa masa: Sultan na Lucera.

Ganuwar da aka gina don gadin masu gari

Fara ziyararka daga nan, da safe kafin rana ta yi zafi. Garin yana kan tuddai uku ne, kuma a kan mafi tsayinsu, Monte Albano, katafariyar ganuwar da ake kira Fortezza Svevo-Angioina take. Daga tsakiyar gari tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa.

Tun daga nesa za ka hange ta. Zagayenta ya kai kimanin mita 900, da hasumiyoyi sama da 20. Biyu ne suka fi fice, a kusurwoyi biyu na ɓangaren da ke fuskantar gari: Hasumiyar Zaki da Hasumiyar Zakanya. Abin dariya, ta zakanyar ce ta fi tsayi da kyau, tana kai wa mita 25. Ana shiga ne ta wata gada da ta ƙetare gwalalo mai zurfi.

Da ka shiga, wataƙila gwiwarka ta ɗan yi sanyi, domin ciki fili ne fetal, sai ciyawa da tushen gine-gine. A kusurwa ɗaya akwai ragowar fadar da Frederick ya gina a wajajen 1233. Gindinta kawai ya rage, wani jibgegen gini mai kusurwa huɗu da bango a karkace da ƙananan kafofin harbi. Girgizar ƙasa ta 1456 ta yi mata illa, sannan a ƙarni na 18 mutanen gari suka mayar da ita wurin ɗibar dutse don wasu gine-gine.

Abin da ya kamata baƙo ya gane shi ne, ganuwar ba Frederick ya gina ta ba, kuma ba don kare Musulmin garin aka yi ta ba. Bayan mutuwarsa a 1250, Fafaroma ya gayyato Charles na Anjou, ƙanen Sarkin Faransa, ya zo ya karɓe masarautar. A yaƙin Benevento na 1266 aka kashe Manfred, maharban Lucera na cikin rundunarsa. Da jikan Frederick, Conradin, ya taso neman gadonsa a 1268, Lucera ta sake ɗaga tuta don goya masa baya. Aka ci Conradin da yaƙi, aka fille masa kai a birnin Naples yana ɗan shekara 16. Lucera ta ƙi miƙa wuya. Charles ya yi mata ƙawanya har yunwa ta tilasta mata buɗe ƙofa a watan Agustan 1269.

Charles bai kore su ba, don shi ma yana bukatar harajinsu da bakunansu. Sai ya kewaye tsohuwar fadar da wannan ganuwa tsakanin 1269 da 1283, ya zuba sojoji, ya kawo baƙi daga kudancin Faransa ya zaunar a ciki. Wato ganuwar ido ce a kan garin.

Ka daure ka zaga gefen bangon. Daga can sama za ka ga filin Tavoliere shimfiɗe kamar tabarma, gonakin alkama iya ganinka, kore shar a watan Afrilu, ruwan gwal a watan Yuni. Ta yamma ga duwatsun Dauni da injinan samar da lantarki daga iska jere a kansu, ta arewa maso gabas ga tsaunin Gargano. A nan za ka fahimci abin da ya sa kowane mai mulki, tun daga Rumawa, yake son riƙe wannan tudu.

Agustan 1300

Daga ganuwa ka gangaro cikin gari ta lunguna har ka ɓullo dandalin majami'a. Nan ne wurin da labarin ya ƙare.

Bayan 1269 Musulmin Lucera sun ƙara shekara 30 a ƙarƙashin sarakunan Anjou. Wasunsu ma sun yi arziki, sun samu sarautar jarumta. Wani mai suna Abdul'aziz har an ba shi ƙasar Tertiveri da ke kusa a 1296. Mai kallo daga waje zai ce zama ya daidaita.

A watan Agustan 1300, daidai da ƙarshen shekara ta 699 bayan Hijira, Sarki Charles na Biyu ya turo wani babban jami'insa, Giovanni Pipino na Barletta, da sojoji. Cikin 'yan kwanaki aka kama manyan gari, aka fitar da jama'a, aka kora su zuwa garuruwan masarautar. A watannin da suka biyo baya aka sayar da kusan mutum 10,000 a matsayin bayi, maza da mata da yara. Aka kwashe rumbunan hatsi da dabbobi zuwa baitulmalin sarki. Da yawa daga waɗanda suka karɓi Kiristanci ma hakan bai hana a sayar da su ba, ko da yake wasu masu hali sun tsira da kansu da dukiyarsu.

A takardun sarki, dalilin addini aka bayar. Masana tarihi da dama kuwa na nuni da aljihu: tun 1282 gidan Anjou ke yaƙin ƙwato Sisili, bashi ya yi musu katutu, ga kuma gari guda cike da hatsi da mutanen da doka ta ɗauke su dukiyar sarki. An san waɗannan bayanai dalla-dalla ne saboda magatakardan fada sun rubuta komai, har farashin da aka sayar da mutane, kuma wani masanin tarihi ɗan Italiya, Pietro Egidi, ya tattara takardun ya wallafa a 1917. Ya yi wa tarihi babban aiki, domin an ƙona ainihin kundin a 1943 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Aka sauya wa garin suna zuwa Birnin Maryamu, sunan da bai zauna a bakin mutane ba. Aka rushe babban masallaci, aka fara gina majami'ar Santa Maria Assunta a wurin. Ita ce ke gabanka.

Ko ba addininka ba ne, ginin ya cancanci a shiga a gani, kuma ba a hana kowa muddin ka yi shigar mutunci kuma ba a tsakiyar ibada ba. Salon ginin na Faransa ne, da dogayen bakuna masu tsini, abin da ba kasafai ake gani a Puglia ba. Akwai ginshiƙan marmara da suka girmi majami'ar nesa ba kusa ba, waɗanda aka ɗebo daga tsofaffin gine-gine. Teburin dutsen da ke wurin ibada kuwa, mutanen gari na cewa teburin cin abincin Frederick ne da aka ɗauko daga fadarsa ta Fiorentino.

Kada ka ɓata lokaci kana neman alamar mihrabi ko rubutun Larabci a bango. Babu. Ni dai wannan rashin ne ya fi tsaya mini a rai fiye da duk abin da ke tsaye a garin. Dubban mutane sun rayu a nan har jikoki, amma ba a bar ko bangon masallaci ɗaya ba.

Ɗan abin da ya saura yana gidan adana kayan tarihi na Giuseppe Fiorelli, 'yan taku kaɗan daga majami'ar. A can akwai tukwane da kwanukan tangaran na wancan zamani da aka tono a cikin ganuwa, tare da kayan Rumawa masu yawa: gumakan marmara, daɓen ado na ƙananan duwatsu, da ɗaruruwan siffofin yumɓu da mutanen da ke kai wa wuraren bautarsu.

Abin da Rumawa suka bari

Lucera ta girmi duk wannan labari. Rumawa sun kafa mazauninsu a nan tun wajajen shekara ta 314 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Babban abin da suka bari shi ne filin wasa mai siffar ƙwai da ke gefen gabashin gari, inda ake haɗa mayaƙa faɗa da juna ko da namun daji jama'a na kallo.

An gina shi a zamanin Sarki Augustus, kuma rubutun da ke saman ƙofofinsa biyu ya faɗi wanda ya biya: wani attajirin gari, Marcus Vecilius Campus, a filinsa, da kuɗinsa. Ashe ɗabi'ar mai kuɗi ya yi aiki ya manna sunansa ba yau ta fara ba. Tsawon filin ya kai kusan mita 130, kuma ana ƙiyasta yana ɗaukar mutum 16,000 zuwa 18,000, wato fiye da rabin mutanen garin na yau. Ƙasa ta binne shi ƙarnuka da dama sai a shekarun 1930 aka tono shi. Yanzu akan yi kiɗe-kiɗe da wasanni a ciki lokacin zafi.

Sauran wuraren ba sa cin lokaci. Akwai majami'ar San Francesco, ita ma ta farkon ƙarni na 14, inda aka ajiye gawar Francesco Antonio Fasani, limamin garin da ya rasu a 1742, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana a matsayin waliyyi a 1986. Akwai tsohuwar Ƙofar Troia. Akwai kuma wani lungu da ake kira Ciacianella, wanda a wani wurin faɗinsa bai kai rabin mita ba. Mai ƙiba ya yi haƙuri ya ɗauki hoto daga baki.

Mai mota zai iya ƙarawa da kangon Castel Fiorentino, 'yan kilomitoci a hanyar Torremaggiore, inda Frederick ya rasu ranar 13 ga Disambar 1250.

Hanya, abinci da lokaci

Foggia ce mashigar. Daga Rum jirgin ƙasa mai sauri na kai ka cikin kimanin awa uku, daga Bari kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Daga tashar Foggia akwai ƙaramin jirgin kamfanin Ferrovie del Gargano da ke zuwa Lucera cikin kusan minti 20. An sake buɗe layin ne a 2009 bayan ya shafe shekaru a rufe. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana na bukatar bizar Shengen.

Afrilu zuwa farkon Yuni, ko Satumba da Oktoba, su ne lokutan da suka fi daɗi. Kada ka ce ai kai ɗan ƙasar zafi ne: filin Tavoliere na daga cikin wurare mafi zafi a Italiya, a watan Yuli ma'auni kan haura 40. Da azahar shaguna na rufewa sai wajen la'asar, kuma wuraren tarihi da dama a Italiya ba sa buɗewa ranar Litinin, don haka ka duba lokutan ganuwa da filin wasa kafin ka taso.

Abinci ba zai ba ka wahala ba, don ƙasar alkama da zaitun ce. Ka nemi troccoli, wata taliya mai kauri ta yankin, ko orecchiette da ganye, ko pancotto, abincin talakawa na busasshen burodi da ake dafawa da ganye da dankali a zuba man zaitun. Naman alade na shiga miya da yawa ba tare da an faɗa ba. Kalmar da za ka riƙe ita ce "maiale", kuma "senza maiale" na nufin ban da alade. Mai neman naman halal ko wurin sallar jam'i ya fi samun sauƙi a Foggia, a unguwar da ke kewaye da tashar jirgi, inda baƙi suka yi yawa.

Su waye baƙin? A jirgi ko a bakin hanya za ka ga samari 'yan Afirka, wasu a kan keke, takalmansu duk ƙasa. Lardin Foggia na daga cikin manyan wuraren noman tumatirin gwangwani a Italiya, kuma dubban 'yan ci-rani daga Senegal da Mali da Gambiya da Ghana da Najeriya da sauran ƙasashe ne ke tsinkar sa. Da yawa na aiki ne ta hannun dillalan leburori da ake kira "caporali", waɗanda ke yankar kasonsu daga ladan yini, su kuma caji kuɗin mota. Italiya ta tsaurara doka a kan wannan a 2016, amma a watan Agustan 2018 leburori baƙi 16 suka mutu a haɗurran mota biyu cikin kwana uku a lardin, suna dawowa daga gona cunkushe a motocin ɗaukar kaya. Dubbai na kwana a bukkokin kwano da katako a Borgo Mezzanone, kan wani tsohon filin jirgin sama a kudu da Foggia. Duk wanda ke da ƙane da ke mafarkin tsallaka teku, ya kamata ya san cewa wannan ma Italiya ce. Da yawansu Musulmi ne, idan ka yi musu sallama za su amsa.

Babban bikin Lucera na faɗowa ne daga 14 zuwa 16 ga Agusta, daidai lokacin da tsinkar tumatir ta kankama. 'Yan garin da ke aiki a Milan da Turin da Jamus kan dawo gida, a ƙawata tituna da fitilu, a yi jerin gwano da tufafin zamanin da, sannan a fito da mutum-mutumin Maryamu daga majami'a a zaga gari da shi. Al'adar garin na danganta mutum-mutumin da Charles na Biyu da abin da ya faru a 1300. Masauki na wahala a waɗannan kwanaki, don haka mai son ganin bikin ya kama ɗaki tun da wuri, ko ya kwana a Foggia ya riƙa shigowa da jirgin safe.